Yaya Ma Tana Gajiya

"To me kuka tattauna yau?"

Ko ƙofar motar ba ta gama rufewa ba ya jefo mata tambayar. Yaya ta ɗora jaka a cinya, ta kawar da kai tana kallon ƙofar asibitin da ta fito.

"Abubuwa."

"Waɗanne abubuwa?"

"Abubuwa dai, Injiniya! Rahoto zan kawo maka?"

Ya kashe motar da ya riga ya tayar, ya juyo gaba ɗaya ya zuba mata ido. Mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki, shi ya sa kowa ke ce masa Injiniya. Da Allah bai ɗauki ran Babanta ba, da tuni tana ɗakinsa.

"Sahibata, ba faɗa nake nema ba. Tun yaushe nake kawo ki wurin matar nan? Har yanzu ba kya barci, kullum sai ramewa kike. Auta ta ce jiya ma numfashinki ya sarƙe a kicin..."

"Auta ta cika surutu."

"Ƙanwarki tsoro take ji! Ni ma tsoron nake ji. Ki gaya min tsakaninki da Allah, kina ma yi mata magana kuwa in kin shiga?"

"Ina yi mana."

"Me kike ce mata?"

"Ta ce ya nake, in ce lafiya lau. Ta ce ya aiki, in ce alhamdulillahi. Me kake so in ce? In zauna in kwance wa gidanmu zani a gaban baƙuwa?"

Ya dafe kai da hannu biyu.

"Lafiya lau! Ki shiga ki zauna ki yi ta rera mata lafiya lau, ni kuma ina nan cikin rana ina ta addu'ar Allah ya sa a dace..."

"Au, gori za ka min? Ni na ce ka jira?"

"Ba gori ba ne! Da farko kin ce a ɗaga aurenmu sai Mama ta dawo hayyacinta, na ce to. Kika ce sai Auta ta gama jarrabawa, na ce to. Yanzu kuma me muke jira? A gida an fara tambayata ko dai ba kya sona ne."

Kafin ta ankara, sai ta ji bakinta ya furta:

"In ka gaji ka je ka nemi mai lafiya."

Ya daɗe yana kallon titi kafin ya murɗa makulli. Suka isa ƙofar gida. Sai da ta sa ƙafa waje ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ba zan sake kai ki ba. In kina son zuwa kin san hanya. In ba kya so, ki daina ɓata wa baiwar Allah lokaci. Ina sonki, wallahi ina sonki... amma na gaji da tsayuwa a waje ina ƙwanƙwasa."

Ta buga ƙofar da ƙarfin da ita kanta sai da ta razana.

Kowa a gidan Yaya yake ce mata, har Mama. Ita ce babba, kuma tun ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofar falo ta zama komai. Ita ta tare mota, ita ta yi ta kai-komo a asibiti, ita likita ya ja gefe ya faɗa wa. Ita ta shigo ta gaya wa Mama, ta riƙe ta, ta riƙe Auta. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta yaba mata. "Kai, yarinyar nan namiji ce! Ko ɗigon hawaye babu." Ta ji daɗin yabon a lokacin, sai ta ƙara ɗaure fuska.

Bayan an watse abin ya fara. Tana tsaye lafiya sai zuciyarta ta hau bugu kamar za ta fasa ƙirji, hannuwanta su yi sanyi ƙalau, iska ta ƙi shiga. Aka yi gwajin zuciya, aka yi na jini, aka ce komai daidai. Likitan ya tura ta wurin wata likita da ke kula da masu damuwa, wadda aikinta zama da mutum ne a yi magana.

"Kin dawo daga wurin likitar mahaukatan?" in ji Mama daga kan kujera, tana ninke wanki.

"Mama, ba likitar mahaukata ba ce."

"To ta waye? Ni dai ina faɗa miki, ranar da dangin yaron nan suka ji, ba ruwana. A ce 'yata, kamar ke, wai sai an zaunar da ke ana miki tambayoyi. Ki riƙe addu'a ki bar shiririta. Kin ga gas ya ƙare tun safe, ga famfon bayi yana ta zuba, ga maganin ƙafata saura kaɗan."

"To, Mama."

Ko mayafi ba ta cire ba ta ɗauki waya ta fara kiran mai gas.

Kwanaki suka shuɗe Injiniya bai leƙo ba. Sai dai da rana ta ga ɗan guntun saƙo, "Kin ci abinci?" Ta karanta ta yi tsaki ta kife wayar. In kuma saƙon ya makara, ta yi ta duba wayar tana wani tsakin. Haushinsa take ji, tana jin haushin Auta mai kai rahoto, tana jin haushin likitar nan mai tabarau da ba ta da aiki sai "ya kika ji a ranki?" Ta yanke shawarar ba za ta sake komawa ba.

A kantin magani take aiki, bayan doguwar kanta mai gilashi. Wata ranar da hantsi wani dattijo ya shigo yana dogara sanda, ya ajiye kwalin magani wanda ya ƙare.

"'Yata, irin wannan za ki ba ni."

Na hawan jini ne. Irin wanda ta riƙa kai wa Baba.

"Kana dai sha a kan lokaci ko, Baba?"

Dattijon ya yi dariya. "Ina na isa in ƙi? Ina da wata 'ya kamarki a gida, 'yar sanda ce a kaina. In na manta ta yi ta faɗa kamar ita ta haife ni. To ni kuwa sai in sha, don kada in bar ta da wahala."

Kwalin ya suɓuce daga hannunta.

Ba ta san lokacin da abokiyar aikinta ta ja ta zuwa sito ba. Ta dai tsinci kanta zaune a kan kwali tana kokawa da numfashi, gumi ya jiƙa mata wuya. Abin da ya ba ta tsoro ba numfashin ba ne, ta saba da shi. Kwalaben da ke jere a kan kantocin siton take kallo, tana jin kamar ta tashi ta share su gaba ɗaya su tarwatse a ƙasa. Ita da ko kofi ba ta taɓa fasawa da gangan ba!

Da ranar ganin Likita ta zagayo, ta tare tasi ta tafi ita kaɗai.

Ɗakin yana nan yadda ta san shi. Kujeru biyu suna fuskantar juna, ɗan tebur a tsakiya, tukunyar fure a jikin taga. Likita ta gyara tabarau ta yi murmushin nan nata.

"Sannu da zuwa. Ya kike?"

"Lafiya l..." Ta tsaya. Ta ji wani zafi ya taso mata. "Ni fa Likita, ban san me nake yi a nan ba! Ki yi tambaya in amsa, ki gyaɗa kai, lokaci ya cika in tashi. Ba kya ba ni magani, ba kya ce min yi kaza bar kaza. Ni a kantin magani nake aiki, mutum ya faɗi ciwonsa a miƙa masa abin da zai sha. Wannan wane irin magani ne? Ɓata lokaci ne kawai!"

Ta tsaya tana haki, tana jiran a nuna mata ƙofa.

"Na gode," in ji Likita.

"Faɗa fa na yi miki."

"Na sani. Tun da kika fara zuwa, yau ne kika fara faɗa min abin da ke ranki. Kin ce mutum yana faɗin ciwonsa a ba shi magani. Ke kin taɓa faɗa min naki?"

Yaya ta sunkuyar da kai.

"Nan ba ɗakin jarrabawa ba ne, ba maki nake ba ki ba. In kin zo min da fuskar da kike nuna wa baƙi, ita zan yi ta gaisarwa har mu gaji. Me ya faru a kwanakin nan?"

Da ƙyar, tana yi tana tsayawa, ta ba ta labarin dattijon da kwalaben.

"Lokacin da ya ce yana sha don kada ya bar 'yarsa da wahala, a ina kika ji abin a jikinki?"

"Nan." Ta dafe ƙirji. "Kamar an ɗora garwashi."

"In za ki sa masa suna, me za ki kira shi? Baƙin ciki?"

"A'a."

"Tsoro?"

"A'a... haushi ne."

"Haushin wa?"

"Astagfirullah. Ba kyau, Likita. Ya rasu fa."

"Ba wanda ke jin mu. Haushin wa?"

"Baba!" Kalmar ta fito kamar an fizgo ta. "Baba nake jin haushi! Ni nake kawo masa maganin da hannuna, in ajiye masa da ruwa, ya yi dariya ya ce shi ya fi ƙarfin ƙwaya. Na roƙe shi, na yi fushi, na yi lallashi. Wani yana sha saboda 'yarsa, ni nawa uban bai sha saboda ni ba! Ya tafi abinsa ya bar min Mama, ya bar min Auta, ya bar min gida... ko sallama bai min ba. Wace irin 'ya ce ke jin haushin ubanta yana kabari?"

Kukan da ya ƙi zuwa ranar rasuwa ya zo gaba ɗaya. Ta kife kai a gwiwa tana yi kamar ƙaramar yarinya. Likita ba ta ce ta yi haƙuri ba, ta matso mata da abin share hawaye kawai ta bar ta.

Sai da kukan ya lafa sannan Likita ta ce, "Irin 'yar da ta so ubanta sosai. Haushin bai goge son ba, tare suke zaune. Kin daɗe kina danne shi, shi kuma yana neman hanyar fita ta numfashinki."

"To yanzu na warke?"

Likita ta yi 'yar dariya. "Ina! Yanzu muka fara. Wani zaman za ki fita da sauƙi, wani ki fita kina jin haushina. Ki riƙa zuwa da abin da kika fi ƙin faɗa, shi za mu fara taɓawa. In na fahimce ki ba daidai ba ki ce min ba haka ba ne. Shi wanda ya saba kawo ki fa?"

"Mun yi faɗa." Ta ja hanci. "Kullum hannunsa cikin wayar wuta yake, Likita. In na aure shi, wata rana shi ma aka ja ni gefe aka ce... Kuma in na tafi wa zai riƙe su Mama?"

"Kin taɓa faɗa masa haka?"

"A'a. Ce masa na yi ya nemi mai lafiya."

"Su Mama fa, sun san kin gaji?"

Ta miƙe ta ɗauki jakarta.

Da ta shiga gida idanunta a kumbure, Mama ba ta ma ɗago ba.

"Yauwa, gara da kika dawo. Mai famfon nan bai zo ba, ki sake kiransa. Sannan ki leƙa kasuwa kafin a tashi, ba komai a firji."

"Mama, na gaji."

"To ki ɗan huta sai ki je."

"Ba irin wannan gajiyar ba. Na gaji, Mama. Ba zan je ba."

Mama ta ajiye abin da ke hannunta. Auta ta leƙo daga kicin da ludayi.

"Abin da matar take koya miki ke nan? Ki tsaya a gabana ki ce ba za ki yi ba? Ke da nake tinƙaho da ke, nake cewa Allah ya ɗauke min miji ya bar min namiji a gida?"

"Ni ba namiji ba ce!" Muryarta ta tsage. "'Yarki ce ni, Mama. Kin yi kuka na riƙe ki, Auta ta yi kuka na riƙe ta. Ni wa ya riƙe ni? Kowa sai ya ce mijin Mama ya rasu, Baban Auta ya rasu. Ni ma fa ubana ne ya mutu!"

Ludayin ya faɗi daga hannun Auta.

Mama ta kalle ta. Sai ta miƙe a hankali tana ɗingisa ƙafarta mai ciwo, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Yaya ta zube a kan kujera tana jin kamar ta yi babban saɓo. Auta ta zo ta durƙusa a gabanta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Yaya, ni zan je kasuwar. Na iya fa, ke ce ba kya bari. Ki ba ni lambar mai famfon ma, ni na fi ki iya masifa."

Dariya ta kusa ƙwace mata cikin kukan.

Mama ba ta sake yi mata magana ba ranar. Washegari da safe Yaya tana zaune a bakin gado sai ga ta ta shigo da kofin shayi, ta dangwarar a kan durowa.

"Sha."

"Mama, ki yafe min..."

"Na ce ki sha." Ta tsaya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. "Ban ce na yarda da likitar nan ba fa. Har gobe ban ga dalilin kai wa bare maganar gida ba." Ta saki labulen. "Amma ki riƙa zuwa. Ni ban iya irin wannan maganar ba, ba a koya mana ba." Ta kai bakin ƙofa sannan ta waiwayo, idanunta sun kaɗa. "Kuma ki nemi ɗan mutane. Ba zan riƙe ki ki tsufa a gabana ba, Babanki ba zai yafe min ba."

Ba ta kira Injiniya ba, shagonsa ta je. Firji ne ko'ina, wasu a buɗe wasu a kwance, ƙasa duk guntayen waya. Ta same shi durƙushe a bayan wani babba, riga duk baƙin mai. Da ya ɗago ya gan ta sai ya miƙe da sauri har ya buge kai.

"Lafiya? Mama ce? Auta?"

"Ni ce."

Ya tsaya yana murza wurin da ya buge.

"Na je wurin Likita jiya. Ni kaɗai. Na yi mata faɗa, na yi kuka, na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Fuskarsa ta washe. "Alhamdulillahi! To kin ga, ga abin da za mu yi. Za ki rage awannin aiki, ni zan riƙa yi wa su Mama cefane, sannan akwai wani littafi da aka ce..."

"Injiniya."

"...kuma in da hali a ƙara miki ranakun zuwa..."

"Injiniya! Zauna."

Ya zauna a kan akwatin kayan aiki, ita ta ja kujerar roba.

"Ba gyara na kawo ba. Magana zan yi, kai kuma ka ji. Za ka iya?"

"Zan gwada," ya ce a sanyaye.

Ta faɗa masa duka. Haushin Baba, da kwalaben, da abin da ta ce wa Mama. Sau da yawa ta ga bakinsa ya motsa zai kawo shawara, sai ya cije leɓe. Sannan ta zo kan tsoronta.

"Ba ƙin ka nake ba. Duk ranar da na ga ka kama wayar wuta sai cikina ya ɗuri ruwa. Gani nake in na sake na zama taka, kai ma za a ƙwace min kai. Shi ya sa nake ta ɗaga auren. Maganar da na faɗa maka a mota... ka yafe min, masoyi."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ni ma na matsa miki. Ban iya ganin abin da nake so yana ciwo in naɗe hannu ba, sai in ji kamar ba ni da amfani. Ranar nan da na sauke ki, ban iya tuƙi ba, sai da na tsaya a gefen titi." Ya ɗago. "Ba zan miki alkawarin ba zan mutu ba, Sahibata, ba a hannuna yake ba. Amma wallahi in kika ajiye min magani zan sha. In kika ce in kashe wuta kafin in taɓa waya, zan kashe."

"Da ma ba ka kashewa?!"

"Ina kashewa... yawanci."

"Ka gani ko!" Ta ɗaga jaka kamar za ta jefe shi, ya kare kai yana dariya. Ta sauke ta a hankali. "Likita ta ce in kana so, wata rana mu shiga tare."

"Ni? Me zan ce mata?"

"Abin da ya tsayar da kai a gefen titi."

Ya sosa ƙeya. "To. Zan shiga."

"Kuma ka gaya musu a gida kada a sake ɗagawa. Amma ka sani tun yanzu, ban warke ba. Amaryar da za ka ɗauka wata rana za ta tashi da kuka ba dalili, wata rana da masifa, kuma ba za ta fasa zuwa asibiti ba ko danginka sun yi magana."

"Na ɗauka. Da kukan, da masifar, da asibitin. Wanda ya yi magana ya zo ya same ni."

Sai hawayen suka sake ɓalle mata. Ya shiga laluben aljihu a ruɗe, bai samu komai ba sai tsumman da yake goge hannu, ya miƙa mata. Ta karɓa ba ta duba ba ta share fuska, baƙin mai ya zana mata layi daga ido har haɓa.

Ya kalle ta, ya yi ƙoƙarin daurewa, ya kasa.

"Me kake wa dariya?"

"Ba komai, amaryata. Ci gaba da kukanki, ina nan."

Ta ci gaba kuwa, tana kuka tana dariya a tsakiyar matattun firji, shi kuma ya jawo akwatinsa kusa da kujerarta ya zauna, har ta gama don kanta.